Sarkin Bumburutun Ƙofar Kaura

A shekarun da soja ke riƙe da ƙasa, babu mai abin hawa a Ƙofar Kaura da bai san Sammani ba. A gindin wani bedi, wato darbejiya, yake zama a bakin titi, da teburinsa, da galan-galan jere, da mazurari, da guntun tiyo rataye a wuya. Bumburutu yake yi, wato sayar da fetur a bakin hanya idan gidajen mai sun ƙafe, a wancan zamanin kuwa sun fi zama a ƙafe.

Gajere ne mai faɗin ƙirji, mai son raha, kuma sana'ar ta ba shi girman da ko mai unguwa bai samu ba. Hedimasta zai sauko daga babur ya gaishe shi, ya tambayi iyali, ya tambayi gajiya, ya tambayi mai jiki ko da babu marar lafiya a gidan, sannan ya sassauta murya ya ce, "Sarkin Mai, ko da rabin galan ne." Sammani ya ɗan ɗaga kai sama kamar mai nazarin shari'a, sannan ya tura hannu ƙarƙashin tebur.

Mutum ɗaya ce ba ta ga wannan sarauta ba, matarsa Ma'u. Durorin mai a ɗakin da ke jikin zaure suke, don haka murhunta ya koma can ƙuryar gida kusa da makewayi. Tufafi warin fetur, tabarma warin fetur.

"Malam," takan ce, "tuwon nan da ka gani, in aka ƙyasta mishi ashana tashi zai yi."

"Warin arziki ne, Ma'u."

"To arzikin ya riƙa wanka kafin ya shigo ɗaki."

Babban mai sayen mansa shi ne Alhaji Sada, ɗan kwangila mai bene a bayan layinsu. Motoci huɗu gare shi da janareto biyu, ɗaya na rana ɗaya na dare. Ko masallacin Juma'a ya je, direba ba ya kashe mota, don kada Alhaji ya fito ya ishe kujera da zafi. Mutumin kirki ne mai kyauta, sai dai in aka yi masa maganar tattali sai ya yi dariya har tumbinsa na rawa.

"Man nan a ƙasarmu Allah ya aje shi. In ba mu sha ba, wa zai sha?"

Sammani kuwa ya ce, "Gaskiyarka, Alhaji," yana ƙirga durorin da za a kai a ransa.

Sai ga shekarar da soja suka koma bariki. Aka yi zaɓe, aka rantsar da farar hula, gari ya ɗauki murna. Ba a daɗe ba tankokin mai suka fara shigowa ta hanyar Kano, ɗaya na bin ɗaya. Gidajen mai suka buɗe, layi ya watse, har yaran gidan mai na ɗaga wa masu mota hannu su shigo. Kowa na cewa dimokuraɗiyya ta yi albarka. Sammani kaɗai ke zaune gindin bedi yana korar ƙuda daga kan mazurari. Hedimastan nan ya wuce a kan babur, ya ɗaga masa yatsu biyu, ko birki bai taka ba.

"Ni dai wannan mulki bai karɓe ni ba," ya ce wa Ma'u.

Ita kuwa ranar ta dawo da murhunta tsakar gida, tana soya albasa tana 'yar waƙa.

A gidan da ke jikin nasu akwai masu haya, Jonathan da matarsa Rifkatu da ɗiyarsu Peace. Mutanen Filato ne, amma sun daɗe a Katsina har harshensu ya fara karyewa irin na gari. Ma'u da Rifkatu ta kan katanga suke miƙa wa juna gishiri da labari. Jonathan ma'aikacin lafiya ne, sai dai ba ya allura; aikinsa gyaran firij ɗin da ake ajiye maganin rigakafi a asibitocin ƙauye. Wata safiya ya ishe Sammani a gindin bedi.

"Malam Sammani, a-kori-kurarka tana tashi kuwa?"

"In an tura ta, Baban Peace."

"To mu tura ta. Kaya zan kai wani asibiti a hanyar Batsari, motar ofis ta lalace."

Kayan wasu faranta ne masu faɗi kamar ƙyauren taga, baƙaƙe masu sheƙi, da batura manya, da firij fari. Jonathan ya ce sunansu sola, rana suke ci su ba da wuta. Sammani ya gyaɗa kai kawai. Ya daɗe a kasuwa, ya san yadda ake yabon kaya.

Suka kama hanya. Rabon Sammani da wannan hanyar tun yana saurayi, lokacin da kukoki da ƙirya da marke ke rufe ta har rana ba ta taɓa ƙasa. Yanzu sai fili fetal, da kututture nan da can, da manyan motoci cike da itace suna nufar birni.

"Ina dajin nan ya tafi?" ya tambaya.

"Yana cikin murhunmu, ni da kai," in ji Jonathan. "Kalanzir ya yi wuya, kowa ya koma itace. Shi ma man da ke ƙasa rijiya ce, Malam Sammani. Rijiya kuwa in guga ya yi mata yawa, ka san sauran."

"Kai dai Baban Peace, ka bar yi wa sana'ata baki. Ta riga ta kwanta."

Suka yi dariya, motar ta faɗa rami, suka ƙara wata.

A asibitin, Jonathan ya hau rufi, Sammani na miƙa masa faranta. Kafin la'asar an gama haɗa wayoyi. Jonathan ya ce a jira kaɗan, suka zauna a inuwa suka sha furar da mai kula da asibitin ta kawo musu. Da suka koma ciki, ya buɗe firij ya ce, "Sa hannunka."

Sammani ya sa, ya fizge da sauri. Sanyi ne sosai, irin na randar da ta kwana a waje. Ya kasa kunne. Babu ƙara, babu hayaƙi. Ya fita ya zagaya bayan ginin, ya leƙa makewayi, ya leƙa ɗakin ajiya, har ya ɗaga wani tsohon kwano da aka jingine a bango. Mai kula da asibitin ta bi shi da kallo.

"Malam, wani abu ya faɗi ne?"

"Injin nake nema, Hajiya. Inda kuka ɓoye shi."

Da ya tabbata babu inji, sai ya tsaya a tsakar filin ya ɗaga kai ya kalli rana har idanunsa suka kawo ruwa. A hanyar dawowa ya ce, "Yanzu ita wannan, wa ke da dillancinta?"

"Wacce?"

"Ranar. Wa ake biya?"

"Babu. Farantin ne da tsada, shi da batir. In ka saya, ka saya."

"Ba ta yankewa? Ba a ɓoye ta a ce sai wata mai zuwa?"

"Wa zai ɓoye ta?"

Sammani ya girgiza kai. A matsayinsa na ɗan kasuwa abin ya dame shi, don bai ga ta inda mutum zai ci riba a kan abin da ba ya ƙaranci ba. Amma tafin hannunsa bai manta da sanyin nan ba.

Daga nan ya zama direban Jonathan a duk tafiyar ƙauye. Ya koyi jan waya da baƙa, ya koyi zuba wa batir ruwa, ya sha fizgar wuta har ya daina salati da ƙarfi. Bayan kusan shekara biyu, wani ɗan kasuwa a Kano ya sayar masa da faranti ɗaya mai ɗan tsagu a gefe, da batir na hannu. Ya kawo su gida a lulluɓe cikin bargo kamar jariri. Jonathan ya yi tafiya garinsu a lokacin, Sammani ya ce ai ba sai an jira shi ba, shi ma yanzu injiniya ne.

Ya haɗa komai daidai, ya rataya ƙwan lantarki ɗaya a tsakar gida, ya gayyato Ma'u da Rifkatu bayan magariba su ga ikon Allah. Ya danna makunni. Ƙwan ya yi ja kamar garwashin da ya kusa mutuwa, ya lumshe. Washegari ma haka. Ya sake duba wayoyi, ya lashi kan batir, ya zagi ɗan kasuwar Kano har kakanninsa.

Ma'u ce ta fito da safe za ta shanya wanki, ta tsaya tana kallon inda ya kafa farantin. A ƙarƙashin rumfar zana yake, a inuwar mangwaro, an kuma yafa masa tsohuwar tabarma.

"Malam, mi ya sa ka rufe shi?"

"Ke kin san nawa na saye shi? In bar shi a wannan ranar ta Katsina ya narke?"

"Ba kai ka ce mini rana shika ci ba?"

Sammani ya kalli tabarmar. Shekara da shekaru yana ɓoye kayan sana'arsa daga rana, don fetur in ya ji zafi tsiyayewa yake yi ya bi iska, hannunsa ya yi abin da ya saba ba tare da ya shawarci kansa ba. Alhali shi da kansa ya miƙa faranta sama da goma kan rufi. Ma'u ta saki bokitin wanki ta zauna a ƙasa tana dariya, Rifkatu ta leƙo ta katanga ta tambayi ko lafiya, da aka gaya mata ita ma ta ɓace daga kan katangar, sai muryarta ake ji.

"Kada ku gaya wa Baban Peace," in ji Sammani yana jan tsani.

Kafin Jonathan ya sauke jakarsa daga mota an gaya masa.

Tun daga ranar gidan Sammani ya samu haske. Ƙwai biyu ne da rediyo, sai 'yar fanka da Ma'u ta ce tata ce. Durorin mai kuwa ta wanke su da toka da omo, ta bar su a rana har warin ya fita, ta mayar da su na tara ruwan wanki.

Ana haka wayar salula ta shigo gari. Duk wanda ya isa ya saya ya rataya a ƙugu, ana kiransa ya tsaya tsakiyar titi yana ihu don a san yana da ita. Ana cikin wannan yayi kuma sai aka ƙara kuɗin mai, ma'aikata suka shiga yajin aiki, tankoki suka daina zuwa. Wutar lantarki, da ma leƙowa take yi, ta ɗauke gaba ɗaya. Layi ya dawo gidajen mai, ya miƙe har ya sha kwana.

Tsofaffin abokan sana'a suka zo wa Sammani da zumuɗi.

"Sarkin Mai, kakarmu ta dawo! Fito da durori."

Zuciyarsa ta motsa, ba ƙarya. Ya tuna gindin bedi, ya tuna yadda manya ke sassauta masa murya. Da asuba ya kwashe ruwan Ma'u daga duro biyu ya juye a kwatami, tana kallonsa, ya ɗora su a mota ya tafi wani gidan mai da ya san manajansa. Ashe manajan ya sauya. Ya wuni a layi, rana ta gasa shi, aka yi faɗa a gabansa har wani ya rasa hula da haƙori, da la'asar sakaliya aka ce mai ya ƙare. Ɗan abin da ke cikin tankinsa ma ya ƙone a matsa-gaba-kaɗan. Ya bar motar a can ya taho a ƙasa, ƙafa duk ƙura.

Yana shan kwanar layinsu ya hango taro a ƙofar gidansa. Ya ɗauka gobara ce. Da ya matso sai ya ga mutane ne zaune a kan benci da tabarmi, ana hira. A cikin zaure an shimfiɗa tebur, wayoyin salula jere a kai kamar ƙosai a tire, kowace an manna mata 'yar takarda da sunan mai ita. Rifkatu ce a bakin teburin tana karɓa tana miƙawa, Ma'u na daga bayan labule tana ba da umarni. Jonathan ya jawo musu waya daga batir tun da hantsi.

"Sannu da zuwa, Malam," in ji Ma'u daga ciki. "Ina man?"

"Shina nan tafe."

"To kafin ya iso, ka karɓi Maman Peace, tun safe ba ta zauna ba."

Ya karɓe ta. Bai ƙara komawa layin mai ba sai da ya je janyo motarsa.

An kwana uku a haka sai ga Alhaji Sada a ƙafa, babbar riga a kafaɗa, gumi na bin wuyansa, wayoyi biyu a hannu. Motocinsa huɗu na gida a jere, janareto biyu sun yi tsit.

"Sammani, ka rufa mini asiri. Ko duro ɗaya."

"Wallahi Alhaji ko na fitila babu. Kawo wayoyin dai."

Alhaji ya zauna a benci, ya ga fankar Ma'u da aka fito da ita zaure tana juyawa, ya matsa kusa da ita. Ya daɗe yana kallon wayar da ta hau rufi.

"Wannan abin nake so a gidana. A sa mini wanda zai ɗauki komai."

Washegari Sammani da Jonathan suka je ganin komai ɗin. Hajiya Baraka, matar Alhaji, ita ta zagaya da su. Na'urar sanyaya ɗaki har a ɗakin da aka tara tsofaffin katifu. Talabijin a falon baƙi da ba a buɗe ba tun bikin babbar ɗiyarsu. Fitilun katanga da ba su da makashi, dare da rana a kunne. A bayan kicin suka ishe wani ƙaton firij mai kama da akwatin gawa, Hajiya ta ce shekara da shekaru bai taɓa hutawa ba sai wannan makon. Sammani ya ɗaga murfin. Cinyar rago ce guda ɗaya a ciki, ta bushe ta yi fari.

"Ta layyar bara ce," in ji Hajiya. Ta ƙara dubawa. "Ko ta bara waccan."

Alhaji ya leƙa, ya kalli matarsa, ya kalli Sammani.

"Yanzu duk durorin da ka riƙa kawo mini, wannan ƙafar nake wa hidima?"

"Ni dai kawowa nake yi, Alhaji, ban taɓa tambayar mai sha ba."

Alhaji ya fashe da dariyar nan tasa har sai da ya dafa bango.

Jonathan ya gaya masa gaskiya: in ana son rana ta ɗauki gidan yadda yake, sai an rufe rufinsa da na maƙwabta da faranta, kuma kuɗin ya fi ƙarfin ko ɗan kwangila. Amma fitilu, da fankoki, da firij ɗaya, da talabijin ɗaya, wannan mai yiwuwa ne. Sai a zaɓa.

Zaɓen ya fi na kansila zafi. Alhaji ya ce na'urar sanyin ɗakinsa ba ta taɓuwa. Hajiya ta ce in dai ana maganar abin da ba ya taɓuwa, to firij ɗin kicin ne. Samarin gidan suka tsaya a kan talabijin saboda ƙwallo. Sammani na tsaye a gefe yana ba kowa gaskiya. A ƙarshe Hajiya ta yi nasara, samari suka samu rabi, Alhaji ya sha ƙasa, ya koma shimfiɗa darduma a saman bene da yamma yana shan iskar Allah. Bai yar da janareto duka ba. Ya bar ƙaramin saboda biki da baƙi da watan azumi in zafi ya kai zafi. Mota biyu ya sayar ya biya aikin. Cinyar ragon kuwa karnukan bayan ganuwa suka yi shagali da ita.

Da yajin aiki ya ƙare mai ya dawo, amma aikin gidan Alhaji ya riga ya zama talla. Mai kemis ya zo, mai gidan kallon ƙwallo ya zo, wata makarantar Islamiyya ta zo. Ba kowa ke iya saye ba, da yawa sukan ji kuɗin su yi salati su tafi, wasu kuma su dawo bayan kaka. Sammani ya kama ɗan shago a bakin titi, Jonathan na zuwa bayan an tashi daga ofis. Cajin waya ya zama na Ma'u da Rifkatu, ba su kuma yarda maza sun sa musu hannu a ciki ba.

Shekarar da ta biyo baya damina ta makara. Gero ya tsiro ya tsaya, rana na dukan gari tun daga hantsi, baturan Sammani kullum a cike. Liman ya sa aka yi shela a fita roƙon ruwa. Sammani na neman hularsa Ma'u ta tare shi a bakin ƙofa.

"Malam, tsakaninka da Allah, in an ɗaga hannu mi za ka roƙa?"

"Ruwa mana. Faranti nake ci?"

"Na dai ga tun da aka fara zafin nan bakinka bai rufu ba."

"Sharri ne, Ma'u."

Ya tafi filin idi tare da jama'a, ya tsaya a sahu kusa da Alhaji Sada, duk inda liman ya kai aya amin ɗin Sammani ta fi ta kowa ƙarfi, har na gabansa na waiwaye. Ba a yi ruwa ranar ba. Sai da aka kwana biyu hadari ya haɗo daga gabas, gari ya yi duhu da azahar, aka tsuge kamar da bakin ƙwarya. Yara suka fito tsirara suna tsalle a kwata. Fankar Ma'u, da ke jone kai tsaye da faranti, ta rage gudu, ta ƙara ragewa, ta tsaya.

Sammani ya fito tsakar gida ya tsaya cikin ruwan, riga ta manne masa a jiki, yana kallon yadda ƙurar wata da watanni ke gangarowa daga kan farantin tana bin indararo. Jonathan ya leƙo ta katanga da buhu a ka.

"Malam Sammani, yau kasuwa ta tashi!"

"Bari kawai, Baban Peace. An wanke mana kaya kyauta." Ya juya wajen ɗaki ya ɗaga murya. "Ma'u! Miƙo bokitai, ruwan nan shina zuba a banza!"